Ashi'a a Ƙirjin Safiyya

Tun da aka sallamo mu daga asibiti mata ke kirana, wai da gaske ne tururin nukiliya ne ya kama 'yata? Na gaji da amsa wa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Alhamdulillahi Safiyya tana raye, tana cin abinci, har ta koma yi mini rashin ji. Amma abin da ya kusa raba ni da ita ba daga wata tashar nukiliya ya zo ba. Duk wadda ke zaune da yara a ƙasar da ba ta jin harshenta, don Allah ta karanta wannan a natse.

Sunana Rabi. Maigidana ma'aikaci ne a ofishin jakadancinmu a nan Alƙahira, muna zaune a Hadayek el-Maadi. Lokacin da abin ya faru ba mu cika shekara da zuwa ba. Larabcina bai wuce na cefane ba: bikam, khalas, tamam, sai ma'alish idan na taka ƙafar wata a metro. Safiyya shekararta takwas, kuma makarantar da ake koyarwa da Turanci aka sa ta, don haka ita ma ba ta fi ni da komai ba. Makarantar tana da kwamin ninƙaya a fili, babu rufi, duk ranar Talata ajinsu ke shiga. Yarinyar da a Kano ko kududdufi ban taɓa bari ta taka ba, a nan ba ta da zance sai na ninƙaya.

Wajen ƙarshen sanyi aka fara faɗa a labarai cewa an yi hatsari a wata tashar nukiliya a wata ƙasa can tsallaken teku. Masana suka cika talabijin, wannan ya ce iska za ta iya kwaso burbushin ta kawo nan, wancan ya ce ba za ta iya ba. Ana cikin haka sai ga ruwan sama ranar Litinin, a garin da ake yin watanni ba a ga ɗigo ba. Ranar Talata su Safiyya suka shiga kwami kamar kullum. Ranar Alhamis makaranta ta aiko wa iyaye saƙo cewa an rufe kwamin, an ɗebi ruwansa an kai ɗakin gwaji don a duba ko akwai burbushin nukiliya a ciki. Suka ce rigakafi ne kawai, kada kowa ya ta da hankalinsa, sakamako zai ɗauki 'yan makonni. Ai kuwa wannan "kada kowa ya ta da hankalinsa" shi ya ta da hankalin kowa.

Guruf ɗin iyaye na waya ya kama da wuta. Yawancinsu Misirawa ne, da Larabci suke rubutu da saƙon murya, ni kuwa kalma ɗaya nake ta tsinta tana dawowa: ashi'a, ashi'a. Abban Safiyya ba ya nan, an tura shi kwas Abuja, ya bar mu a hannun ƙaninsa Nura, ɗalibi da ke zaune a Abbasiya yana karatun addini. Nura yaro ne mai kirki, mai ƙoƙari, amma Larabcinsa na littafi ne tsantsa. Idan ya yi wa direban tasi kwatance, direban kan juyo ya ce masa sadaƙallahul azim. Ni ma da haka nake tsokanarsa, ina ce masa Malam Nura. Na tura masa saƙonnin, ya ce, "Anti, ashi'a ai ita ce wannan tururin da ake tsoro. Haske ne da ba a gani, yana ratsa jiki."

Ranar Juma'a Safiyya ta tashi da zazzaɓi. Kafin la'asar tari ya biyo baya, tana yi tana riƙe haƙarƙarinta na dama. Ba sai na faɗa muku inda zuciyata ta tafi ba.

Washegari Nura ya zo muka kai ta wani ƙaramin asibitin unguwa da ke jikin masallaci, irin wanda suke kira mustausaf. Mun sami layi har bakin ƙofa. Da aka kira mu, likitan dattijo ne, ga gajiya a fuskarsa, ga mutane suna leƙowa ta ƙofa. Nura ya gyara tsayuwa ya fara bayani tun daga hatsarin, da ruwan sama, da kwami, kamar mai huɗuba. Likitan bai ko kalle shi ba, yana ta sauraren bayan Safiyya da abin awonsa, ya daɗe a gefen dama. Sai ya ɗago ya katse shi.

"Mashi, mashi ya shekh. Ashi'a alas-sadr. Hatuli l-ashi'a, wa nishuf."

Na ji kalmar da kunnena, har sau biyu. Na kalli Nura, na ga fuskarsa ta sauya.

"Me ya ce?"

"Anti, sai haƙuri. Ya ce ashi'a ce a ƙirjinta."

"Innalillahi! To me za a yi mata?"

"Ya ce mu kawo masa ashi'ar tukuna ya gani. Sakamakon gwajin ruwan ke nan. Sai ya san yawanta kafin ya san maganin da zai ba ta."

Likitan ya rubuta mana maganin zazzaɓi da na tari, ya ɗaga murya ya kira na gaba. Ina da Turanci a bakina, shi ma likitan na tabbata yana da shi. Amma namiji yana magana, kuma malami, kuma ƙanin miji, sai na ja bakina na tsuke kamar yadda aka koya mana. Na goya 'yata mai shekara takwas a baya muka fito, Misirawa suna kallona.

Makon farko ya tafi a jira. Maganin yakan sauke zazzaɓin na 'yan awoyi, ta tashi ta sha shayi, sai ya dawo da ƙarfinsa. Na kira Abbanta ina kuka. Shi ma hankalinsa ya tashi, amma ya ce tunda likita ya ce a jira sakamako, a jira, Nura ai ya fi mu jin abin da aka faɗa. Kullum da safe sai na bar ta wurin matar maigadin gidanmu na tafi makaranta. Matar da ke ofis ta haddace fuskata. "Bukra in sha Allah, madam." Gobe, gobe. Na ce mata 'yata tana kwance, ta ce ma'alish, amma ita kaɗai ce ta kwanta a duk ajin, in kai ta asibiti mana. Na ce na kai, likitan ne ya turo ni gare ku. Ta kalle ni kamar ba ta gane ba, ni ma na kalle ta kamar ba ta da imani.

Shawarwari kuwa sun zo kamar ruwa. Hajiya, surukata, ta kira daga Kano: "Rabi, ki dage mata da zuma da habbatus sauda, safe da yamma. Kuma madara, an ce madara tana wanke guba." Yayata ta ce gawayi za a daka a jiƙa. Wata a guruf ta ce gishiri mai aidin, wata ta ce a ƙona duk kayan da yaro ya shiga ruwan da su. Na zuba rigar ninƙayar Safiyya da tawul ɗinta a leda na ɗaure na jefar, tana kallona daga kan gado ba ta da ƙarfin yin gardama. Wata maƙwabciyata kuma, wadda yaranta ba sa fita daga falona, ta hana su shigowa, wai abin yana naso. Wannan ya yi mini ciwo, har yau gaisuwarmu ba ta koma daidai ba.

A guruf ɗin aka ce alamar tururin ita ce zubewar gashi da jinin dasashi. To ni sai na koma mai gadin gashi. Kowace safiya in taje mata kai in duba matajin a hasken taga, in buɗe bakinta in leƙa. Gashi bai zube ba, dasashi lafiya lau, sai in ce alhamdulillahi abin bai yi nisa ba. Ina can ina duba mataji, ban lura cewa numfashinta ya koma gajere ba, kuma ta daina kwanciya ta kowane gefe sai na dama.

A mako na biyu abinci ya tsaya. Tuwon da take so na yi mata da garin semo, ta kai loma ɗaya ta ture. Zufa takan jiƙa matashin kai har in sauya masa riga. Nura kullum yana zuwa bayan darasi, ya hau metro tun daga Abbasiya, ya zauna gefenta ya yi mata tofi. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya rame kamar shi ne marar lafiyar. Na ce masa, "Malam Nura, ko mu gwada wani asibitin?" Ya ce, "Anti, duk inda muka je abin da za su fara tambaya ke nan, sakamakon. Kada mu wahalar da ita a layi a banza." Maganar ta shiga kunnena, don ni ma ina tsoron layin.

Wadda Allah ya turo ita ce Madam Esta, matar abokin aikin Abban Safiyya, 'yar Jos ce, Hausarta ta fi tawa daɗi. Ta yi tafiya, ba ta dawo ba sai farkon mako na uku. Da hantsi ta shigo da kular farfesu. Ta tsaya bakin gado ta ce, "Safiyya, ya jiki?"

Safiyya ta ce, "Da... sau..." Ba ta iya ƙarasa "da sauƙi" ba sai da ta tsaya ta ja iska.

Madam Esta ta ajiye kular a ƙasa. Ta kama hannun yarinyar ta dubi farcenta, ta dubi leɓenta. Sai a lokacin na ga abin da take gani, leɓen ya yi duhu.

"Maman Safiyya, ɗauko hijabinki."

Na fara yi mata bayanin sakamako.

"Ni ban san nukiliya ba, amma na san yaron da ba ya numfashi. Ɗauko hijabinki, mota tana ƙasa."

A hanya na kira Nura ya same mu can. Cunkoson titin bakin kogi ranar kamar da gangan. Safiyya tana kan cinyata, ina jin ƙirjinta yana sama da ƙasa da sauri, ni kuwa duk addu'ar da na sani ta gudu, ba abin da ke fita sai ya Hayyu ya Ƙayyum. Madam Esta tana tuƙi tana danna hon tana kiran sunan Yesu. Ba wadda ta ce wa wata ta yi shiru.

Babban asibiti ne mai zaman kansa. Ga abin da ba zan yafe musu ba: yarinya tana haki a hannuna, mutumin da ke tagar biyan kuɗi ya ce sai an ajiye kuɗin gado tukuna. Madam Esta ce ta miƙa katinta tana zazzaga masa masifa da Turanci. Ga kuma abin da ba zan manta musu ba: wata nas da ta hango mu ba ta jira takarda ba, ta karɓi Safiyya da gudu ta sa mata abin shaƙar iska.

Likitar mace ce, ba ta fi ni shekaru ba. Nura ya iso yana haki daidai lokacin da take sauraren bayan Safiyya. Ta tambayi tun yaushe, ya faɗa mata. Ta tambaya ko wani likita ya gan ta, ya ce eh. Sai ta miƙo hannu.

"Fen el-ashi'a?" Wato ina ashi'ar take.

Nura ya nuna ƙirjin Safiyya, ya amsa da Larabcinsa mai kyau cewa tana cikin ƙirjinta, daga ruwan makaranta ta same ta, sakamakon ne bai fito ba.

Likitar ta tsaya da hannu a miƙe. Ta dube shi, ta dube ni. Sai ta juya harshe zuwa Turanci, ta yi mini magana ni.

"Madam, hoton ƙirji nake tambaya. Likitan farko bai ce ku yi hoto ba?"

"Cewa ya yi ashi'a ce a ƙirjinta."

"Me ya ce daidai?"

Kalmomin suna nan a kaina, don kullum da su nake kwana. Na maimaita mata: ashi'a alas-sadr.

Ta rufe ido na ɗan lokaci. "Madam, a nan Masar idan likita ya ce ashi'a, hoto yake nufi. Cewa ya yi ku je ku yi hoton ƙirji ku kawo masa."

Nura ya ce, "La'a, ya duktura," ya fara wani bayani na asalin kalmar, sai muryarsa ta mutu a tsakiya. Kalma ɗaya ce. A littafi haske ce mai ratsa jiki, a bakin likitan Masar kuwa hoton da ake ɗauka da hasken ne. Mu kuma mun shiga ɗakin nan da tsoronmu a kunne, abin da muke tsoro shi muka ji.

Hoton da muka yi sama da mako biyu ba mu yi ba, ko shinkafa ba za ta nuna ba aka gama shi. Likitar ta ɗaga shi a haske. Gefen hagu baƙi, ta ce haka ake so. Gefen dama fari fat tun daga ƙasa har kusan kafaɗa. Nimoniya ce, ciwon huhu irin wanda yara ke yi ko'ina, har a Kano. An bar ta ta daɗe, ta tara mugunya ta danne huhun. Na tambaye ta, to tururin fa? Ta ce, "Babu ruwan tururi a nan. Da a makon farko kuka yi hoton, da maganin sha kawai za a ba ta ku koma gida." Wannan maganar ba ta bar ni ba har yau.

Ranar aka huda gefen ƙirjinta aka sa roba. Abin da ya fito cikin kwalbar da ke ƙarƙashin gado ba zan kwatanta ba. Jininta ya yi ƙasa, aka ce ana bukatar ƙari. Nura ya fita, kafin magariba sai ga shi da ɗalibai 'yan uwansa sun cika baranda, 'yan Kano, 'yan Zinder, har da wani Bahaushen Sudan, kowa ya naɗe hannun riga. Allah ya saka musu da alheri. Amma shi Nura bai ƙara shiga ɗakin ba. Yakan tsaya bakin ƙofa ya ce, "Anti, ya mai jiki?" idonsa a ƙasa. Ni kuma a kwanakin nan ban iya ce masa shigo ba. Haushinsa nake ji, haushin kaina nake ji, har da likitan farko da bai tsaya ya tabbatar mun gane ba.

Muna kwana na uku a asibiti wayata ta yi ta ƙara. Makaranta ce. Sakamako ya fito, ruwan kwami lafiya lau, ba a sami komai ba, za a buɗe mako mai zuwa. Guruf ya cika da hotunan furanni da alhamdulillah. Ina zaune ina kallon robar da ke fita daga haƙarƙarin 'yata na karanta. Na fita daga guruf ɗin, na kashe wayar.

Abbanta ya baro kwas ɗin ya iso a mako na huɗu. Zazzaɓi ya sauka, amma huhun ya ƙi buɗewa duka. Likitar ta ce mugunyar ta yi kauri ta bar ɓawo, idan bai saki ba sai an yi tiyata an kankare. Aka kawo wa Safiyya wata 'yar roba mai ƙwallaye uku a ciki, ta riƙa zuƙar iska tana ɗaga su. Rayuwarmu gaba ɗaya ta koma kan ƙwallayen nan. Ta farko takan tashi. Ta biyu ta yi rawa ta koma. Safiyya ta yi kuka ta ce zafi, ni in lallashe ta, Abbanta ya yi mata alkawarin duniya. Wata tsohuwa Bamisriya da ke jinyar jikanta a gadon kusa takan tafa mata tana "Yalla ya Safiyya, yalla ya habibti!" Ita ce kuma ke tura mini burodi da cuku kullum, ba ta jin maganata ba na jin tata.

Ranar da za a yanke hukuncin tiyata, Safiyya ta ture robar ta ce ba za ta ƙara ja ba sai Baffa Nura ya shigo. Na fita baranda na same shi zaune a ƙasa da carbi.

"Malam Nura, 'yarka tana kira."

"Anti, da wane ido zan kalle ta?"

"Da wanda nake kallon ta da shi. Tashi."

Ya shigo ya durƙusa gaban gado ya riƙe mata robar. Ta ja, ta biyu ta tashi ta tsaya. Ta uku ko motsi ba ta yi ba. Aka sake hoto. Likitar ta daɗe tana kallo kafin ta ce ba za a yi tiyata ba, huhun ya buɗe daidai gwargwado. Amma can ƙasa akwai wurin da ya manne, wataƙila ya saki yayin da take girma, wataƙila kuma haka za ta rayu da shi. Na yi hamdala, na kuma yi kuka, duk a zama ɗaya.

Jinyar ta cinye abin da muka tara don hutun gida, ban damu ba. Abin da nake so ku ɗauka shi ne wannan. Idan likita ya yi magana a kan ɗanki, kada ki fita sai kin maimaita masa abin da kika gane, da kowane harshe, ko da hannu ne, ya ce eh haka ne. Ko waye ya raka ki, ko malamin malamai ne, ke ce uwar. Kuma idan gari ya ɗauka da zancen wata babbar masifa, ki riƙa kallon yaron da ke gabanki, ki ga yadda yake numfashi.

Yanzu Safiyya ta koma makaranta. Gidanmu a hawa na huɗu yake, kuma lif ɗin ya fi kwana a lalace. Da can ita ke riga ni hawa, in iso in tarar tana buga ƙofa. Jiya da na ɗauko ta, muna kaiwa hawa na biyu sai ta tsaya ta sunkuya.

"Mama, ki wuce, takalmina zan ɗaure."

Ina jin yadda take jan iska a ɓoye don kada in ji. Na ce to, na juya baya na yi kamar ina neman makulli a jaka, har ta gama.

Takalmin nata ba shi da igiya.